Gida bai ƙoshi ba a kai wa dawa? Fashin baƙi kan wajibcin taimakon mabuƙata a addinin Kirista

Shin dole ne Kirista ya taimaki mabuƙaci, ko kuwa ganin dama ne? In dole ne, wane mabuƙacin: na cikin gidansa, ɗan cocinsu, ko duk wanda ya tarar a cikin wahala? Kuma idan ya taimaka, don Allah ya yi, ko da walakin goro a miya?

Tambayoyin tsofaffi ne, amma shekarar 2025 ta sake tono su. Biyun farko Kiristoci ne ke ja-in-ja a kansu tsakaninsu. Ta ukun kuwa a nan Arewa ta fi ƙarfi, inda asibitin mishan da gidan marayu na coci ba sa rabuwa da ƙananan maganganu.

Yadda muhawarar ta taso

Ranar 20 ga Janairun 2025, ranar da aka rantsar da shi, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a takardar dakatar da agajin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje na tsawon kwana 90. Kafin watan Maris ya ƙare an soke mafi yawan ayyukan USAID, hukumar agajin ƙasashen waje ta Amurka, ranar 1 ga Yuli kuma aka rufe ta gaba ɗaya. A cikin wannan yanayi, da kuma zafin korar baƙin haure, Mataimakin Shugaban Ƙasa JD Vance, wanda ya shiga ɗarikar Katolika a 2019, ya yi hira a talabijin ya ce akwai tsohuwar koyarwar Kirista da ta tsara ƙauna daki-daki: ka fara da iyalinka, sai maƙwabcinka, sai al'ummarka, sai 'yan ƙasarku, bayan nan ne za ka waiwayi sauran duniya. Da aka taso masa, sai ya ce a je a binciki abin da ake kira ordo amoris, wato tsarin ƙauna a harshen Latin.

Ba a yi mako biyu ba Fafaroma Francis ya aika wa bishop-bishop na Amurka wasiƙa, mai ɗauke da kwanan wata 10 ga Fabrairu. Bai ambaci sunan kowa ba, amma kowa ya san inda aka dosa. Ya ce ƙaunar Kirista ba da'ira ce da ke faɗaɗa a hankali daga kai zuwa waje ba, kuma tsarin ƙauna na gaskiya shi ne wanda ake ganowa a misalin Basamariye mai kirki da Yesu ya bayar a Linjila. A daidai wannan lokaci wani Kadinal ɗan Amurka, Robert Prevost, ya yaɗa wani rubutu a shafinsa da ke cewa Vance ya yi kuskure. Francis ya rasu a watan Afrilu, ranar 8 ga Mayu kuma aka zaɓi wannan Kadinal ya zama Fafaroma Leo na 14. Babbar takardar koyarwa ta farko da ya fitar, a watan Oktoba, kan ƙaunar matalauta ce.

To, wa ya fi gaskiya? Sai mun koma ga nassi tukuna.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya shimfiɗa

Tushen ya girmi Kiristanci, domin daga Attaura ya taso. A Littafin Firistoci sura 19 an hana manomi girbe gonarsa har gefe, an hana shi komawa ya tsince abin da ya zube; wannan rabon matalauci ne da baƙo. Duk wanda ya taso a karkara ya san kala, ya ga mata da yara suna bin gonar gyaɗa bayan an cire suna tona abin da ya rage. Bambancin shi ne a Attaura kala ba alfarma ba ce da mai gona zai yi in ya ga dama. Doka ce. Maimaitawar Shari'a ta ƙara da cewa ko dami ka manta a gona kada ka koma ɗauka, kuma duk shekara ta uku a tara ushirin amfanin gona a cikin gari domin Lawiyawa masu hidimar ibada, baƙi, marayu da matan da mazansu suka mutu.

A Linjila, wuraren da aka fi kafa hujja da su biyu ne. Na farko Matiyu sura 25, inda Yesu Almasihu ya kwatanta ranar shari'a. Ya lissafa mutum shida: mayunwaci, mai ƙishi, baƙo, marar tufa, majinyaci da ɗan kurkuku. Ya ce duk abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta a cikinsu shi aka yi wa, abin da aka hana su kuma shi aka hana. Abin lura a nan shi ne waɗanda aka hukunta ba a tuhume su da kisa ko sata ba. Laifinsu kawai sun gani sun kau da kai.

Na biyu shi ne Luka sura 10, kuma a nan ya kamata a ɗan tsaya, domin yawancin masu ambaton labarin suna tsallake abin da ya fi ciwo a cikinsa. Wani masanin shari'a ne ya tambayi Yesu: wane ne maƙwabcina? Tambaya ce ta mai neman a shata masa iyaka, ya san inda nauyinsa ya ƙare. Sai Yesu ya ba shi labarin matafiyin da 'yan fashi suka tare a hanyar Urushalima zuwa Yariko, suka tuɓe shi, suka yi masa jina-jina, suka bar shi rai a hannun Allah. Firist ya zo ya ratse. Balawe, wanda shi ma ma'aikacin Haikali ne, ya zo ya ratse. Sai wani Basamariye ya tsaya, ya wanke raunukan da mai da ruwan inabi, ya ɗaure, ya ɗora shi a kan dabbarsa ya kai shi masauki, ya kwana yana jinyarsa, da safe ya ba mai masaukin dinari biyu, ladan ƙwadagon kwana biyu ke nan, ya ce in kuɗin bai isa ba zai cika idan ya dawo.

Yahudawa da Samariyawa ba sa ga-maciji a wancan zamani. Sun saɓa kan wurin ibada, sun saɓa kan littattafai, ba sa ci a ƙwarya ɗaya. Da Yesu ya so, da ya mai da Basamariyen shi ne wanda aka yi wa fashi, a ce wa mai sauraro: ka taimaki ko da maƙiyinka. Bai yi haka ba. Ya mai da ɗan wancan addinin shi ne mai taimakon, malaman addinin mai sauraro kuma su ne masu wucewa. Sannan ya juya tambayar: ba wane ne maƙwabcina ba, a'a, wa ya zama maƙwabci ga wanda ya faɗi? Duk wanda ya tuna Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa a Barikin Ladi, wanda a watan Yunin 2018 ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa ya kuma tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su, ya fahimci yadda labarin ya daki kunnen masu sauraron farko.

Wasiƙar Yakubu ba ta da kwana-kwana: in ɗan'uwanka ba shi da tufa ba shi da abinci, ka ce masa ya sauka lafiya, ya ji ɗumi, ya ƙoshi, ba ka ba shi komai ba, me ka yi? Bangaskiyar da ba ta da aiki matacciya ce. A nan akwai tsohuwar gardama tsakanin Katolika da Furotesta kan ko aikin kirki yana da hannu a ceto. Furotesta suna riƙe da Afisawa sura 2, cewa ceto kyautar Allah ce ta wurin bangaskiya, ba ladan aiki ba. Amma aya ta 10 a wannan surar ta ce an halicci mai bi domin kyawawan ayyuka. Saboda haka saɓanin kan matsayin aikin ne, ko shi ne saiwa ko shi ne 'ya'yan itace. Babu ɓangaren da ya ce ana iya barinsa.

Ba kamar zakkar Musulunci ba ce

Musulmi da yawa suna ɗauka tsarin ɗaya ne, musamman da yake Kiristocin Hausa su ma suna cewa zakka idan suna nufin ushirin da ake kai wa coci. A Musulunci zakka tana da nisabi, tana da adadi, kashi 2.5 cikin 100 na dukiyar da ta shekara, kuma Alƙur'ani ya ƙayyade rukuni takwas na masu karɓa. Ushirin Kirista kashi 10 ne, amma galibinsa yana tafiya ne ga tafiyar da ikilisiya: albashin fasto, gini, aikin bishara. Sabon Alkawari bai yanka wa talaka wani kaso na lissafi ba. Manzo Bulus ya ce kowa ya bayar gwargwadon yadda ya ƙudura a zuciyarsa, ba da tilas ba.

Wannan yana da amfani, yana da illa. Amfaninsa ba rufi a kan bayarwa; ba ranar da mutum zai ce na sauke, na gama. Illarsa kuma ba ƙasa. Attajiri na iya shekara bai ba talaka ko ƙwandala ba, kuma ba mai cewa ya karya wata ƙa'ida da za a iya ƙirgawa.

Ikilisiyar farko ta gane da wuri cewa kyakkyawar niyya kaɗai ba ta raba abinci. Ayyukan Manzanni sura 6 ta ba da labarin ƙorafi na farko a tarihin coci, kuma na ƙabilanci ne: masu jin Helenanci sun ce ana tsallake gwaurayensu mata wajen rabon abinci na kullum. Sai aka zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin, kuma dukkansu sunayen Helenanci gare su, wato an ba waɗanda suka yi kukan amanar rabon. Daga nan ake danganta asalin muƙamin dikin, wato mai hidima a coci. Zuwa shekara ta 251, cocin birnin Rum tana ciyar da gwauraye da mabuƙata sama da 1,500. A 362 Sarkin Rum Yuliyan, wanda ya bar Kiristanci ya koma bautar gumaka, ya rubuta wa wani babban limamin gumaka yana ƙorafin cewa Kiristoci suna ciyar da matalautansu har da na masu bautar gumaka. Shaidar maƙiyi ke nan. Bayan 'yan shekaru Basil, bishop na Kaisariya a ƙasar Turkiyya ta yau, ya gina wata unguwa guda ta masauki da jinya, har da sashen kutare, wadda ake lissafawa cikin asibitocin farko a tarihi.

A cocin ƙauye a Kudancin Kaduna ko Tangale ko Zuru, wannan nauyi ba a ofis yake ba. Yana hannun zumuntar mata. Idan aka yi rasuwa, su ne za ka gani da anko, kowace da mudun masara ko shinkafa a ka, wata da sabulu, wata da itace, su kwana uku suna girki a gidan da ba nasu ba. Ranar godiyar kaka kuma gaban majami'a kan cika da damin dawa, doya, kaji a ɗaure, wani lokaci har da akuya tana kuka ana tsakiyar waƙa. Wani kaso a sayar, wani a kai wa tsofaffi da marayu. Ba rasit, ba hoto.

Wa za a fara ba?

Adalci shi ne a ce Vance bai ƙirƙiro maganarsa ba. Bulus ya rubuta wa Timoti cewa wanda bai kula da danginsa ba, musamman iyalin gidansa, ya fi marar bangaskiya muni. Ya gaya wa Galatiyawa su yi wa kowa alheri, tun ba ma 'yan'uwa masu bi ba. Agustin, babban malamin nan ɗan Afirka ta Arewa da ya yi bishop a Hippo, garin Annaba na Aljeriya a yau, ya ce a ƙaunaci kowa daidai, amma tun da ba za ka iya taimakon kowa ba, ka fi kula da waɗanda wuri da lokaci da hali suka haɗa ka da su. Bahaushe ma ya san wannan: gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Mutumin da yaransa ke kwana da yunwa yana rabon kuɗi a bainar jama'a ba mai kyauta ba ne, mai neman suna ne.

Sai dai akwai abu biyu da masu wannan hujja ke tsallakewa. Na ɗaya, Agustin bai ce jini kaɗai ke kusantarwa ba; ya ce har da wuri da lokaci da hali. Wanda aka yi wa fashi a hanyar Yariko ba dangin Basamariye ba ne, hanya ce ta haɗa su, kuma hakan ya isa. Na biyu, Toma Akwinas, wanda ya fi kowa tsara wannan koyarwa a ƙarni na 13, ya faɗa ƙarara cewa wani lokaci ya wajaba a taimaki baƙon da ke cikin matsananciyar buƙata kafin mahaifin da buƙatarsa ba ta kai haka ba. Wato ma'auni biyu ne, kusanci da tsananin buƙata, ba ɗaya ba.

A ganina, a nan ne hujjar ta karye. Tsarin ƙauna an yi shi ne don mai ƙaramin ƙarfi da zai zaɓa tsakanin mayunwata biyu. Agajin da Amurka ke bayarwa waje bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na kasafin kuɗin gwamnatinta ba. Kiran wannan da sunan hana gida a kai wa dawa yana da wuyar haɗiya. Kuma kalmar tukuna tana da haɗari, domin gida ba ya taɓa cewa na ƙoshi.

Duk da haka akwai wata hujja ta masu ra'ayin riƙau da ta fi wannan nauyi. Suna cewa umarnin Yesu ga mutum ne da ikilisiya, ba ga gwamnati ba. Harajin da aka karɓa da ƙarfin doka ba sadaka ba ce, kuma idan coci ta saba da kuɗin gwamnati takan zama 'yar kwangila. Akwai gaskiya a ciki. Ƙungiyar agaji ta Katolikan Amurka, CRS, ta kasance cikin manyan masu karɓar kuɗin USAID, kuma da aka rufe famfo sai da ta rage ma'aikata da ayyuka. Masu ɗaya ra'ayin kuma suna amsawa cewa annabawa irin su Amos da Ishaya sarakuna da alƙalai suka fuskanta, ba masu sadaka ba, kuma kalar da Attaura ta yi umarni da ita dokar ƙasa ce. Wannan gardama ba ta ƙare ba, ba kuma za ta ƙare kwanan nan ba.

Taimako ne ko tarko?

Yanzu ga tambayar da ta fi damun mutanenmu. Zargin cewa agajin Kirista hanyar sauya wa mutane addini ce bai faɗo daga sama ba, kuma duk mai son gaskiya bai kamata ya share shi da hannu ɗaya ba.

Bayan cin Sakkwato a 1903, Lugga ya yi alkawarin ba za a taɓa addinin jama'a ba, gwamnatin mulkin mallaka kuma ta daɗe tana taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a birnin Zariya, amma a ƙarshe aikin ya koma Wusasa a bayan gari. Ƙofar da ta buɗe sosai ita ce ta kuturta. A shekarun 1930 aka miƙa wa mishan ta SIM kula da sansanonin kutare na Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato, SUM kuma ta riƙe Molai kusa da Maiduguri. An gindaya sharuɗɗa, musamman kan yi wa yaran Musulmi wa'azi. Amma 'yan mishan ba su ɓoye wa masu ba su kuɗi a Turai da Amurka cewa suna kallon aikin a matsayin ƙofar bishara ba, kuma wasu majinyata sun zama Kiristoci a can. Wannan tarihi ne.

Ɗaya gefen ma tarihi ne. A lokacin da kuturu ke zaman bayan gari, ba mai cin abinci da shi, waɗannan mutane ne suka zauna suna wanke gyambo da hannunsu shekara da shekaru, kuma mafi yawan waɗanda suka warke sun koma gida da addininsu. Asibitin Vom ya fara aiki a 1922. Asibitin ido na ECWA a Kano, da aka buɗe a 1943, har gobe cike yake da masu rawani da masu hijabi da suka zo cire yanar ido. Asibitin Galmi da ke tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa a Nijar yana aiki tun 1950 a yankin da kusan kowa Musulmi ne, mutane na tsallakowa daga Najeriya su je. Babbar Ruga da ta fara da kutare ita ce yau cibiyar ƙasa ta gyaran yoyon fitsari. Talakan da ya yi shekara 70 yana kai matarsa haihuwa wuri ɗaya ba wawa ba ne. Ya san abin da yake samu, ya san abin da ba a ƙwace masa ba.

Abin da ya ƙara dagula ruwan shi ne miyagun da ke fakewa da rigar addini. A 2019 'yan sanda sun gano yara tara da aka sace daga Kano aka kai Onica, aka sauya musu suna da addini. Wannan satar yara ce, laifi ne a dokar ƙasa, laifi ne a Littafi Mai Tsarki, amma ya bar tabo, kuma gidajen marayu na gaskiya suna shan zargin da ba su suka jawo ba.

Me manyan hukumomin Kirista suka ce? Fafaroma Benedict na 16 ya rubuta a 2005 cewa ba a mai da aikin jinƙai makamin janyo mutane zuwa addini, domin ƙauna kyauta ce, ba a yin ta don cimma wata manufa. A 2011 Majalisar Coci-coci ta Duniya, da fadar Batikan, da ƙawancen masu bishara na duniya suka fitar da takardar haɗin gwiwa da ta yi tir da amfani da talauci ko kyauta wajen jan ra'ayin mutane. Tun 1994 ma ƙungiyoyi irin su Caritas suka shiga ƙa'idar aikin agaji ta duniya da ta ce ba a raba taimako bisa addini, ba a kuma amfani da shi don yaɗa aƙida. Wannan ba ya nufin Kirista ya daina wa'azi. Addini ne mai kira, kamar yadda Musulunci yake mai da'awa, kuma babban taron masu bishara na duniya da aka yi a Lausanne a 1974 ya ce bishara da hidimar al'umma duka nauyi ne. Layin da aka ja shi ne sharaɗi. A yi addu'ar safe a harabar asibiti, mai so ya saurara, marar so ya jira katinsa, wannan abu ɗaya ne. A ce ba buhun masara sai ka zauna wa'azi, ko a ɗauki yaro ba da sanin iyayensa ba, wannan ya saɓa wa koyarwar da mai yin hakan ke iƙirarin bi. Basamariyen bai tambayi wanda ya ɗauka a wane dutse yake sujada ba.

Misali mafi kusa yana Yola. A 2014, da Boko Haram ta kama Madagali, Michika da Mubi, dubban mutane suka kwararo, Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar babbar cocin Saint Theresa da ke Jimeta. Wasu sun koma gida, wasu ba inda za su koma, suka shekara bakwai a wurin. A 2021 aka buɗe musu gidaje 86 a Sangere-Marghi, da makaranta, da coci, da kuma masallaci domin Musulmin da ke cikinsu. Wasu Kiristoci sun yi masa ca, suna cewa ta yaya za a gina masallaci da kuɗin coci alhali ana ƙona majami'u. Zafin nasu ba na banza ba ne. Ɗarikar EYN kaɗai ta yi asarar rayuka da coci-coci masu yawa a wancan rikici. Amma in ana neman shaidar taimakon da ba shi da ƙugiya, da wuya a sami wadda ta wuce wannan.

Inda coci ke da tambayar amsawa

Babbar barazana ga wannan wajibi ba daga waje take ba. Wa'azin arziki, mai cewa ka shuka iri a hannun bawan Allah ka girbi mota, ya juya kogin ya koma gudu sama: talaka ke bayarwa, mai jirgin sama ke karɓa. Mafi muni, ya mai da talauci alamar ƙarancin bangaskiya, har matalauci ya ji kunyar zama a kujerar gaba, abin da wasiƙar Yakubu ta tsawata a kai tun ƙarni na farko. Akwai jami'o'in da aka gina da baikon masu sayar da tumatir, waɗanda 'ya'yan masu tumatir ɗin ba za su iya biyan kuɗinsu ba. Masu kare kansu kan jawo maganar Bulus cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Ayar kan wanda ya ƙi ne, ba wanda ya rasa ba, ba kuma manomin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa ba.

Abin da ya shafi talaka

A watan Yulin 2025 Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa ƙarancin kuɗi zai tilasta mata dakatar da agajin gaggawa ga mutum miliyan 1.3 a Arewa maso Gabas, tare da rufe cibiyoyin kula da tamowa sama da 150 a Borno da Yobe. A wannan watan ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun mutu da tamowa a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Ba yanke agajin Amurka kaɗai ya jawo wannan ba. Akwai rashin tsaro, akwai tsadar abinci, ƙasashen Turai ma sun rage nasu. Amma muhawarar da ake yi a talabijin ɗin Amurka kan wa za a fara ƙauna, a waɗannan cibiyoyi take sauka.

Abin da zai biyo baya a bayyane yake. Asibitocin mishan, waɗanda da ma sun daɗe da komawa hannun coci-cocin gida suna rayuwa da kuɗin kati da na magani, za su ƙara farashi ko su rage gado. Nauyi zai ƙaru a kan zumuntar mata da kwamitocin zakka na masallatai, waɗanda su kansu 'yan gudun hijira sun cika musu gida. Idan hukumomin da ke bin ƙa'ida suka janye, filin zai buɗe wa ƙananan ƙungiyoyi na kowane addini da ba mai sa musu ido, kuma a nan ne taimako mai sharaɗi ke samun kasuwa, zargi ya ƙaru, har a far wa masu aikin gaskiya.

Baikon Lahadi zai iya biyan kuɗin makarantar maraya, ya rufa wa gwauruwa ɗaki kafin damina. Ba zai sayi maganin ƙanjamau na jiha guda ba, ba zai ciyar da mutum miliyan ba. Wannan aikin gwamnatin Najeriya ne da na jihohi, kuma shugabannin coci da ke zuwa gidan gwamnati karɓar kujerun ziyarar Urushalima suna da bakin da za su tambayi gwamna nawa ya ware wa tamowa a kasafin bana, da nawa aka saki a ciki.